Abin da Uwaliya Take Faɗa wa Jar Kaza

Shekarun da na yi ina karatun aikin ban ruwa a ƙasar Sifaniya, a gidan wata mata na kama ɗaki. Sana'arta ita ce zama da yaran da bakinsu ba ya fitar da sauti daidai, kuma wani lokaci a falonta take ganinsu, ina jiyo su daga ɗakina. Ita ta taɓa faɗa mini cewa irin waɗannan yara ba a lafazi kaɗai suke makara ba. Da yawansu sukan zubar da ƙananan gaɓoɓin da ke riƙe zance, waɗanda ke nuna ko abu ɗaya ne ko da yawa, ko an yi shi ko za a yi, sai maganarsu ta riƙa fitowa guntu-guntu. Abin da ba ta da tabbas a kai shi ne, shin yaron bai san gaɓoɓin ba ne, ko kuwa ya sani, nauyinsu ne ya fi ƙarfin harshensa.

Ban ɗauki zancen da muhimmanci ba. Na zaci matsala ce ta yaren mutanen ƙasar, mai yawan jela a ƙarshen kalmomi, da kuma ta mutanen da ke da sararin zama su saurari duk abin da yaro ya faɗa. A wurinmu yaro yakan yi magana ran da Allah ya buɗe bakinsa, wanda bai yi ba kuma a ce haka aka halicce shi. Har yau ban rabu da wannan shakka gaba ɗaya ba, kuma ban tabbata ya dace in ɗora abin da na jiyo a wata duniya a kan rayuwar matar da ba ta taɓa wuce Sakkwato ba. Amma da na dawo gida sai na tarar zancen ya riga ni zuwa, yana nan a gidan ƙanwar mahaifiyata, Uwaliya.

Uwaliya 'yar Dinawa ce. An kai ta gidan Mu'azu, a wani ƙauye kusa da Wurno, a shekarun da manyan motoci ke ta wucewa da dutse da siminti zuwa Goronyo, ana gina dam. Mu'azu manomi ne, amma uwarsa, Goggo Habi, Bafillatana ce daga wajen Gandi, 'yan'uwanta duk masu shanu ne. Ita ke riƙe da gidan. Mace ce mai raha da yawan zolaya, ba ta da mugunta, sai dai abin da ta tashi ta tarar ana yi ba ta taɓa tambayar dalilinsa ba.

Da cikin fari ya tsufa aka mai da Uwaliya Dinawa, ta haihu can, ta yi wanka, ta dawo da ɗa namiji da aka raɗa wa suna Zayyanu. Sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ɗan fari ne, kuma macen kirki tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta dubansa a gaban mutane, in ana zancensa ta tashi ta nemi abin yi. In zai sha nono sai ta kau da kai tana kallon bango. Ba wanda ya tilasta mata. Haka uwarta ta yi wa yayarta, haka ta ga ana yabon matan da suka iya, ita kuma ta iya ƙwarai. Har a bakin rijiya ana cewa amaryar Mu'azu ko Fulanin daji sai haka.

Da aka yaye shi ya koma ɗakin Goggo Habi, tsakaninsa da ɗakin uwarsa zana guda ce. Daga nan ya zama ɗan Goggo. In Uwaliya ta rasa yadda za ta ambace shi sai ta ce “yaron nan,” ko “wancan.”

Ya yi rarrafe a kan lokaci, ya yi tafiya a kan lokaci, magana ce ta ƙi. Da ta zo kuma, a karkace ta zo. Kaza a bakinsa “tada” ce, gudu “dudu,” ruwa “yuwa.” Tsaransa suka wuce wannan matakin suka bar shi a nan. Goggo Habi takan ɗora shi a cinya tana zolayarsa irin ta kaka da jika.

“Wane irin miji na wanga? Ko zance bai iya ba. Ni dai na hwasa auren, a nemo min wani.”

Shi kuma ya yi ta dariya, ya zuba mata wata doguwar magana da ba ta kama ko kalma ɗaya a ciki ba.

“Mi? Mi kac ce? Hwaɗi da ƙarhi!”

Sai ya sake faɗi, ta sake cewa mi, har ya gaji ya nuna abin da hannu. A hankali ya gane cewa doguwar magana ba ta sayo masa komai sai “mi” da dariya, kalma ɗaya da nuni kuwa suna kawo masa ruwa ko fura nan take. Sai ya rage. Mutanen gida su ma suka rage masa. Sun ɗauka kunnensa ne ke da nauyi, suka koma yi masa magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya. Zo. Ci. Tashi. Bari. Yaro ya tashi a gidan da ake hira daga safe har yamma, amma abin da ake jefo masa a fuska bai wuce abin da ake faɗa wa jaki ba.

Uwaliya tana jin duk abin da yake faɗa. Ba ta san yadda aka yi ba, ba ta kuma yi wani ƙoƙari ba. Daga bayan zana, tana tankaɗe ko tana wanke-wanke, maganarsa takan iso kunnenta a miƙe kamar ta kowa. Ran da ya ce wa Goggo ƙaya ta soke shi a ƙafa, Goggo ta ba shi ƙuli-ƙuli, Uwaliya ta ji. Ta ci gaba da tankaɗenta. Sai da yamma ta ce wa Goggo, tana kallon murhu, kamar ta ga wancan yana ɗingishi.

Aka kira wanzami. Ya duba ya ce jijiyar ƙarƙashin harshe ce ta riƙe shi, ya sa aska ya tsinke ta. Uwaliya tana daka a lokacin. Ta ji ihun, ta ji Goggo tana rarrashi, taɓarya ba ta tsaya ba. Wurin ya warke, kaza tana nan “tada.” Aka yi rubutu ya sha, aka kai shi makarantar allo ta unguwa. Malamin mutum ne mai sauƙin kai, ya saurare shi na ɗan lokaci, sannan ya rako shi gida da kansa, ya ce wa Mu'azu a ƙofar gida a dakata tukuna, haruffa ba su zauna a bakinsa ba, kada a matsa masa. Ba a sake mai da shi ba.

A wannan tsakanin ruwan dam ya fara sauya fadama. Da, in kaka ta wuce, maza sukan tafi cin rani, gari ya yi shiru. Yanzu ana sako ruwa a gulbi da rani, ƙasa ta cika da fangalin albasa da tafarnuwa da shinkafa. Mu'azu ya sami wuri ya shiga noman rani, shinkafa ta yi yawa a gida, Uwaliya ta kama sana'ar gumi. A jiƙa shinkafa da ƙaiƙayinta, a turara ta a rabin duro, a baza ta a daɓen tsakar gida ta sha rana ana juyawa, sannan a kai inji. Aikin yana cin itace da bayan mutum, kuma yana da abokan gaba, wato kaji. Da yake Zayyanu ba ya zuwa makaranta, ba ya kuma son fita saboda yara suna kwaikwayonsa, sai Goggo ta miƙa masa karan dawa ta nuna masa shanya.

“Kore!” ta ce da ƙarfi. “Kaji. Kore.”

Haka uwa da ɗa suka wayi gari a tsakar gida ɗaya, daga hantsi har la'asar, ita a bakin duro, shi a bakin shanya, ba mai duban wani.

A cikin kajin akwai wata ja, mai taurin kai, wadda ba ta jin kora. Wata rana da azahar, Goggo ta shiga ɗaki ta kishingiɗa, jar kazar ta saɗaɗo. Zayyanu ya bi ta da kara har bakin rumbu, ya dawo yana haki, ya ce, ba da kowa ba, “Tada. Dudu.”

Uwaliya tana tura itace a wuta, ta ba shi baya. Sai ta ji bakinta yana magana.

“Ke ja, an ce kin gudu. Kaza ta gudu, an kore ta da kara, ba ta ci shinkahwa ba.”

Ta tsaya da itacen a hannu. Ta saurara ko wani ya ji. Ba wanda ya ji, kuma ko an ji, ba laifi ba ne mace ta yi wa kaza faɗa. A bayanta yaron ya yi shiru, shirun da ta san na sauraro ne.

Washegari ya sake gwadawa. Ya dubi jar kazar ya ce, “Tada. Yuwa.”

“Ke ja,” in ji Uwaliya, tana juya shinkafa da ƙafa, “ashe ƙishi kika ji. Kaza tana son ruwa, a zuba mata cikin kasko.”

Ya tashi ya zuba.

Daga nan abin ya zama tsarinsu. Shi ya jefa wa kazar guntun magana, ita ta ɗauka ta cika ta, ta mayar wa kazar. Ba ta taɓa gyara masa lafazi ba, don gyara na nufin ta juyo ta dube shi. Abin da ya faɗa kawai take sake faɗi, da duk ƙananan abubuwan da ya zubar a hanya. Jar kaza ta sha labarai. An faɗa mata cewa hadari ya taso gabas amma ba zai yi ruwa ba. An faɗa mata cewa akuyar maƙwabta ta tsinke igiya jiya, yau ma za ta tsinke. An faɗa mata cewa wani ya yi mafarkin babbar mota ta shigo gida. Ita dai tana tonon ƙasa.

Kafin ranin ya ƙare, wata safiya, ya ce, “Tada ta dudu.” Uwaliya ta ji ƙaramar kalmar nan da ta shigo tsakiya, ta kuma san daga ina ta fito. Ta ƙara itace. Da wani ranin ya zagayo yana cewa, “Tadi tun dudu don na tole tu,” kaji sun gudu don na kore su. Sautin yana nan a karkace kamar da, amma maganar ta yi gaɓoɓi, tana da kai da ƙafa. Sai dai iyakarta tsakar gida, kuma sai in kazar tana kusa. In Goggo ta yi masa tambaya, ko ubansa, kalma ɗaya yake ba su, ya nuna da hannu.

Goggo Habi ta lura da rabin abin. Ta ce wa Mu'azu a gaban kowa, tana dariya, “Matarka ta hwara zance da kaji. In ba ka zama gida kana yi mata hira, wata rana zakara za shi ƙwace ma ita.” Aka yi dariya, har Uwaliya ta murmusa. A lokacin ta haifi 'ya mace, Kulu, wadda take goyo tana yi mata wasa a gaban kowa, don ita ba ta fari ba ce. Kulu ta buɗe baki da wuri, surutu kamar kanari, gida ya cika da ita.

Bayan wata kaka Buba ya zo. Ƙanen Goggo Habi ne, dogo, mai sanyin magana, ya zo yi wa yayarsa sallama. Ya zauna a tabarma a gindin darbejiya, ya sha fura, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

“Adda, hwadamar da munka saba kiwo da rani dut ta zama albasa da shinkahwa. Saniya ta sa ƙahwa wuri guda, sai a kai ka gaban alƙali. Bana kudu za mu yi, da nisa, ban san ran dawowa ba. Ga ɗiyana sun girma sun bi nasu garke, ba ni da mai bin maruƙa.”

Goggo ta dubi jikanta da ke bakin shanya da karansa. Ta daɗe tana tunanin abin da zai zama. Ba karatu, ba kasuwa, ko aike ba a iya yi masa. Ta ga yadda yara ke binsa suna “tada, tada.” Ita kuwa a ruga ta tashi, ta san can akwai nono, akwai sarari, ba mai yi wa mutum dariya.

“Ga mijina nan,” ta ce. “Ka tahi da shi. Shanu ba su tambayar mutum karatu.”

Da safe, kafin ya fita gona, Mu'azu ya tsaya a ƙofar ɗakin Uwaliya yana gyara igiyar fartanya. Shi ma ɗansa na fari ne, shi ma ba ya kama sunan.

“Goggo ta ce Kawu Buba shi tahi da yaron nan.”

“To.”

“Ba ki da magana?”

“Ɗan Goggo na.”

Ya ɗan jima a tsaye. “Kawu dai ya ce shi ba ya ɗaukar yaro dole. Za shi tambaye shi. In yac ce bai zuwa, shi ke nan.”

Ya fita. Uwaliya ta zauna a bakin gado da Kulu a cinya. Ta nemi abin da take ji a ranta ba ta samu ba, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Abu ɗaya ta riƙe: za a tambaye shi. In ya ce a'a, kowa zai gane, a'a ba ta da wuyar faɗi. Ta tashi ta kwashe shinkafar da ta jiƙa.

Da hantsi aka kira shi gindin darbejiya. Buba yana zaune, Goggo a gefensa, Mu'azu ya dawo daga gona ya tsuguna can nesa kaɗan. Uwaliya tana tsakar gida tana baza gumi mai tururi, ba ta da inda za ta je, don in ta bar shi a tare zai lalace. Jar kaza tana zagaye.

“Zo nan, abokina,” in ji Buba, a hankali, ba da ihu ba. “Ina da maruƙa, sun hi kajin ga hankali. Akwai wani baƙi mai hwarin goshi, in ka zo naka na. Za ka bi ni?”

Zayyanu ya tsuguna kamar yadda aka koya masa. Bai dubi Buba ba, ya dubi kazar. Yaro mai tarbiyya ba ya ce wa babba a'a tsirararta, yakan kawo uzuri. Kuma mutumin nan ya yi masa magana cikakkiya, irin wadda ba a saba yi masa ba. Sai ya buɗe baki ya faɗi magana mafi tsawo da ya taɓa faɗi a gaban mutane. Ta fito a jere, ba tsayawa, da hawa da sauka, har ya kai ƙarshenta ya numfasa.

Uwaliya ta ji ta sarai. Ya ce in ya tafi kaji za su cinye shinkafa, don ba mai kore su, Kulu kuma ƙarama ce, ba ta iya riƙe kara ba.

“Mi yac ce?” Buba ya tambayi yayarsa.

“Wa ya sani? Hakanan shika yi wani lokaci, kamar ana zuba ruwa cikin tulu.”

Buba ya dubi Mu'azu, Mu'azu ya girgiza kai. “Ba mai jin maganatai cikin gidan ga?” in ji Buba.

Yaron bai damu ba, yana kallon kazar, yana jira. Ya san abin da ke biyo baya in ya yi magana.

Uwaliya ta ji bakinta ya buɗe da kansa, kamar kullum. “Ke ja,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, “an ce in…”

“A'a, jama'a!” Goggo Habi ta tafa hannu tana dariya. “Uwaliya, gaban kawun mijinki? Yau kuma lauyan ɗan hwari kinka zama? Buba, ka ga 'yan zamani!”

Da wasa ta faɗa, ba da faɗa ba. Da faɗa ne, wataƙila da Uwaliya ta ƙarasa. Amma an kama sunan abin a fili, an ce ɗan fari, a gaban baƙo, a gaban miji. Buba, don ya rufa mata asiri, ya kau da kai yana duban sandarsa kamar bai ji ba. Mu'azu ya sunkuyar da kai. Kowa ya yi mata kara. Ta ja gyale ta rufe fuska, ta bar gumin a tare yana tururi, ta shige ɗaki.

Daga ciki tana jin shirun. Ta san yana jira har yanzu. Ta tsaya a bayan ƙofa tana kallon ƙwaryar da ke rataye, tana lura da wani tsagi a bakinta da ba ta taɓa gani ba.

“To, abokina,” ta ji Buba ya sake cewa. “Za ka bi ni?”

Sannan yaron ya ce, “To.”

Wannan kowa ya gane. Goggo ta yi guɗa, ta ce mijinta ya zama namiji.

Suka tafi bayan kwana kaɗan, da sassafe. Goggo ta raka su har bakin hanya tana kuka tana sa albarka. Uwaliya ba ta fito ba, kuma an yaba mata. Da rana ta ɗaga ta hura wuta, ta ɗora duro. Gumin ranar ya yi kyau. Kaji suka ci abin da suka ci, ta kore su da hannu, ba ta ce musu komai ba.

Rayuwarta ta ci gaba yadda ta kowa take ci gaba. Ta haifi wasu, biyu suka rayu. Shekarar da ruwa ya yi yawa ya cinye gonaki ta koma sayar da ƙuli-ƙuli, da fadama ta dawo ta koma gumi. Ta yi jinyar Goggo Habi har ta rasu a hannunta, kuma ba ta taɓa faɗin wata mummunar kalma a kanta ba, ko a lokacin ko yanzu. Ta aurar da Kulu a Rabah. Hayaƙin duro ya rage mata gani. Labarin Zayyanu yakan zo ta bakin masu zuwa kasuwar Gandi: yana lafiya, ya iya shanu, ba ya faɗa da kowa, ba ya magana. In an kawo labarin, Mu'azu ake faɗa wa, ita tana daga gefe tana tsince shinkafa.

Yakan zo da damina, ba kowace shekara ba. Na gan shi bayan dawowata, magidanci ne mai gemu, da sanda a kafaɗa. Na gaishe shi ya amsa da kalma ɗaya, na tambaye shi hanya ya ce, “Nita,” yana nufin nisa, ya nuna kudu da haɓa. Na ɗauka iyakar abin da yake da shi ke nan. Amma da yamma na bi ta bakin gulbi, inda ya kai shanu shan ruwa, bai san ina bayansa ba. Yana tsaye ya dafa wata farar saniya yana yi mata magana. Ban gane rabin kalmomin ba, sautin yana nan yadda aka ba ni labari. Abin da na gane shi ne ginin maganar. Akwai “amma” a ciki, akwai “da a ce,” akwai “tun kafin.” Yana ba ta labarin wani abu da ya faru, da abin da zai faru in ba a yi hankali ba. Na tuna matar da na zauna a gidanta da tambayarta, ko sun sani ne ko ba su sani ba. Ban sami amsar da zan iya aika mata ba. Mutum ɗaya na gani, shi ma daga baya, yana magana da saniya.

A gida kuwa, in ya shigo, yakan tsuguna daga bakin zana ya ce, “Ina wuni.” Uwaliya takan amsa tana kallon wani wuri, “Lahiya.” Sai ta sa a kai masa fura. Ya sha, ya zauna, ita ma tana zaune. Kaji suna yawo a tsakaninsu. Na zauna tare da su har aka kira magariba, ba wanda ya ce wa kajin komai.

Labarin nan ba a zama ɗaya ta ba ni shi ba. Guntu-guntu na tattara, wani daga gare ta, wani daga Kulu, wani daga mahaifiyata. In tana faɗi, muryarta ba ta hawa ba ta sauka, kamar tana ba da labarin wata maƙwabciya da ta tashi tuntuni. Har yau “wancan” take cewa. Ranar da zan koma Sakkwato na same ta tana juya shanya da ƙafa, na tsaya a gefe, na yi mata tambayar da ta daɗe tana damuna.

“Inna, tsakanin ranar da aka tambaye shi da ranar da suka tafi ai akwai kwanaki. Da safen da zai tafi ma yana tsakar gida. Ba ki ce wa jar kazar komai ba, ko don ya ji?”

Ta ci gaba da juya shinkafar har ta kai ƙarshen daɓen, ta juyo.

“Jar ai ita Goggo tas sa anka yanka mai, don guzuri,” ta ce. “Ni nis soya ta.”